Rigimar Yaya da Na'urar Tace Iska

Akwai abin da ko na tsufa ba zai fita daga raina ba, wato rigimar da aka yi tsakanin yayata da wata na'urar tace iska. Ni ne kuma na haɗa su.

Sana'ata sayar da kayan wuta ce a nan Minna: fanka, firji, dutsen guga da sauransu. Bayan korona ta lafa, mutane suka dame ni da tambayar ko akwai abin da ke tsabtace iskar ɗaki. Ni kuwa ba na son a tambaye ni kaya in ce babu. Sai na sauko da iri biyu daga Legas. Ɗaya mai matata ce a ciki, tana zuƙar iska ta riƙe ƙura da ƙwayoyin cutar da ke yawo. Ɗayar kuma wani caji take saki, ya sa ƙurar ta manne ta sauka ƙasa.

Yayata tana zaune a unguwar Fadikpe, a gidan da marigayi mijinta ya bari. Duk damina sai ta yi tari, amma na shekarar nan ya fi na kullum. Tana magana kana jin ƙirjinta yana fito. A asibiti aka ba ta magani, aka ce ta guji ƙura da danshi. Na zaɓi mai matatar, na kai mata.

"Wannan kuma fa, rediyo ce?"

"Iska take wankewa, Yaya."

"To, Alhajin zamani. Yanzu har iska ake yi wa wanki."

Ba a daɗe ba ta bugo waya, ta ce in zo in ɗauki kayana. Na same ta da maƙwabciyarta, wata 'yar Kudancin Kaduna mai sayar da kayan miya, wadda suka daɗe suna aminci. Na'urar kuwa tana lungu, an lulluɓe ta da atamfa.

Maƙwabciyar ta ce, "Oga, injin nan naka ba ya shiri da Hajiya. Da ta sa turare sai ya ja ido ya kama gurnani."

Yaya ta karɓe. "Turaren da aka kawo mini tun daga Maiduguri, kafin in juya ta shanye shi tas. Na ƙara, ta ƙara shanyewa. Ni za a yi wa haɗama a ɗakina?"

Na yi dariya har na zauna. Na'urar tana da fitila mai komawa ja idan ta ji hayaƙi, sai ta ƙara ƙarfi. Na buɗe cikinta na tarar matatar ta yi baƙi, tana ƙamshi kamar ɗakin amarya. A nan dariyar ta tsaya mini, don na san Yaya da yamma kawai take kunna turaren wuta. Na tambaye ta me ya kawo yawan hayaƙin nan.

"Ɗakin ne ke wari tun da ruwa ya zauna," in ji ta. "Safe da rana da yamma nake turarawa."

Na roƙe ta aka fita da kaskon turaren, na kunna na'urar, muka koma tsakar gida muka ci doya da miya. Da muka dawo ƙamshin ya tafi, warin gaskiya ya fito, irin na jiƙaƙƙen kaya da aka manta a bokiti. Na bi shi da hanci har gaban babban kabet ɗin da ta jere kwanukan aurenta.

"Kada ka taɓa shi," ta ce. "Inda marigayi Malam ya ajiye shi da hannunsa, nan zai zauna."

Na san yayata, gardama ba ta motsa ta. Maƙwabciyar ce ta yi magana a hankali: "Hajiya, don kwano Malam ya ajiye kabet, ba don ya hana ki numfashi ba. Da yana nan, shi zai fara ja."

Yaya ta yi tari mai tsawo, sannan ta buɗe ƙofar kabet ɗin ta fito da kwano na farko da kanta.

Da muka janye shi, bangon ya yi baƙi da kore, funfuna tun daga ƙasa har kafaɗata. Na zagaya baya na ga indararo ya karye, duk ruwan kwanon rufi a jikin bangon yake sauka. Yaya ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe da wannan nake kwana."

Ta koma gidana har magini ya kankare bangon ya gyara indararon. Kabet ya koma gurbinsa, amma da ratar hannu tsakaninsa da bango. Turare ya koma baranda, can take turara kayanta. Kafin ruwa ya ɗauke tarin ya ragu sosai, har ta dawo da yi mini faɗa da cikakkiyar murya.

Tun daga nan, duk wanda ya zo sayen na'urar sai na tambaye shi halin bangonsa da rufinsa. Wasu sukan fita ba su saya ba, su nufi wajen magini, ban kuma taɓa jin haushi ba. Na'ura tana rage abin da ke cikin iska, amma ba ta toshe inda yake fitowa. Abin da na koya ke nan: idan ɗaki ya fara wari, kafin ka nemi abin rufe shi ko abin tace shi, ka fara janye kabet.