Tawul Ɗin Da Na Ɗora Wa Hansatu

Wata rana babur ya kayar da 'yata Hansatu a hanyar kasuwa. Mai kitso ce, da hannunta take ci da 'ya'yanta biyu.

Ƙashi bai karye ba. Jijiya ce ta taɓu. Hannun dama ya saki daga gwiwa zuwa yatsu kamar tsumma.

Aka tura mu sashen gashin ƙashi na asibiti. Ma'aikaciyar, wata Malama Rifkatu, ta manna mata shuɗiyar filasta tun daga gwiwa har bayan hannu don ta tallafe shi, ta riƙa lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta ce sau uku a sati, kuma kada a sa wa hannun komai a gida.

Ni kuwa duk wanda ya san ni a layinmu na 'yan hatsi a kasuwa ya san ba a yanka min magana in karɓa. Tun rasuwar mai gidana ban saurara wa kowa ba. Na ce uku ya yi yawa, ɗaya. Ta ce biyu. Na ce to, a raina kuwa ɗaya ce, sauran ni zan yi.

Wace uwa ce ba ta iya gashi ba?

Na ɓare filastar nan. Na tafasa ruwa, na tsoma tawul, na danna. Safe da yamma, kwana biyu. Hansatu tana zaune tana kallon bango.

Rana ta uku fata ta biyo tawul.

Da muka koma, Malama Rifkatu ta daɗe tana duban hannun.

"Mama, da kike danna mata, ta yi kuka?"

"Ko tari ba ta yi ba. Jinina ce, ba ma raki."

"Ba dauriya ba ce, Mama. Hannun ne ba ya jin komai. Ko wuta kika sa ba za ta sani ba."



Filasta ba ta kama ƙuna. Yatsu ba su motsuwa a cikin bandeji. Wata biyu ana jinyar abin da na yi, ba abin da babur ya yi ba. Kafin fata ta rufe, yatsun sun ƙage.

Har yau muna zuwa, sau uku, ba na fashi. Babban yatsa ya fara motsi kaɗan. Sauran sai yadda Allah ya yi.

Masu kitsonta sun koma wani gida. Ni ke ɗaura mata ɗankwali.

Ba ta taɓa ce min komai ba. Da ma ta zage ni.

Darasi: hannun da jijiyarsa ta mutu ba ya kuka, kada ki gasa shi. Kuma asibiti ba kasuwa ba ce, in an ce uku, uku ne.

Ku tura wa duk mai irin wannan majinyaci, kafin a ɗora tukunya.