Yadda Na Juya Maganar Dattijo a Taron Aikin Hanya

Lokacin da muka samu mulkin kai, ni saurayi ne a Dakoro, ban daɗe da gama lakwal ba, wato makarantar boko. Ina jin Faransanci, ina sa wando da takalmi, ina ganin duk wanda bai shiga aji ba shi ke jawo ƙasa baya. Sai aka turo wani jami'i daga babban birni don a yi hanyar mota zuwa wajen Adjekoria. Baƙar fata ne kamarmu, amma ba ya jin Hausa, aka ɗauke ni tafintansa. Ya yi mini alkawarin in aiki ya yi kyau zai nema mini kujera a Maraɗi.

Ruwan shuka ya sauka ke nan jami'in ya tara masu gida, ya ce kowane gida ya ba da namiji ɗaya, aikin gina ƙasa ne, babu lada. Wani dattijo da ya taɓa ɗaukar duwatsu a aikin tilas na zamanin Nasara ya miƙe. Cikin ladabi ya ce hanyar tasu ce, suna so, amma a bari su gama noma, kuma inda aka shata ɗin magudanar ruwa ce. Na san gaskiya ya faɗa. Amma na ji tsoron aikin ya tsaya, kujerata ta tafi. Sai na ce wa jami'in wai tsohon yana cewa babu bambanci tsakanin shi jami'in da Nasara, kuma kada kowa ya fito. Nan take gardi, wato dogaran gwamnati, suka tafi da tsohon. Daga ranar babu wanda ya ƙara buɗe baki.

Maza suna haƙa hanya, ciyawa tana cin gero. Kafin damina ta fita ruwa ya kwashe aikin duka, rumbuna kuma suka tashi rabi. Tsohon ya yi wata biyu a tsare, ya fito da tari. Mun haɗu a kasuwa, na sunkuyar da kai, ya kira ni. Ya ce, "Ɗana, Nasara bai san harshenmu ba, mun yi masa uzuri. Kai fa, a wane gida aka haife ka?" Ya rasu ina Maraɗi bisa kujerar da na samu duk da lalacewar aikin, ban nemi gafararsa ba.

Yau na tsufa, kuma na gane ba jahilcin talakawa ya hana mu ci gaba ba. Irina ne, waɗanda aka sa tsakanin mutane da masu mulki, muka riƙa kai ƙarya sama muna sauko da umarni. Duk wanda aka ba amanar maganar mutane, ya isar da ita yadda take. In ka murɗe ta, wanda ka zalunta yana iya mutuwa kafin ka samu ƙarfin zuwa ƙofarsa.