Garin da Ya Rage a Taswira

A shekarun fari ina koyarwa a wata firamare a yankin Makoda. Rijiyoyinmu sun ƙafe, mata na wuni a layi saboda tulu ɗaya. Wata Alhamis muna gyaran sito da hedimasta, na jawo wata taswira naɗe cikin ƙyalle, gara ta ci gefenta.

Hedimastan dattijo ne, ya yi aikin safiyo kafin koyarwa. Ya ce a Turai aka buga ta da baƙar tawada zalla, sannan aka bi kowace takarda da hannu ana shafa launi. Ya nuna mini inda burushi ya zarce layi. Ya ce masu bugawa kan yi shekaru suna amfani da tsohon farantin tagulla ba gyara, shi ya sa abin da ya ɓace a ƙasa sai ka same shi a takarda.

Arewa da mu kaɗan na ga ɗigon shuɗi, alamar rijiya, da sunan wani gari. Na san wurin. A ƙasarmu gona na manne da gona, amma wannan fili ba mai noma shi, ban kuma taɓa tambayar dalili ba.

Na kai taswirar wurin mahaifiyar mai unguwa, wadda ta girmi kowa. Na fara karanta sunan, ta ɗaga hannu.

"Malam, kada ka ƙarasa."

"Iya, an yi garin ke nan?"

"An yi. Yunwar zamanin iyayenmu ta cinye shi. Waɗanda suka rage ba su da ƙarfin haƙa kabari, sai rijiyar ta zama kabarin."

Duk da haka ƙishirwa ta sa maza suka ɗauki diga suka nufi filin. Rana ta uku suka tarar da duwatsun bakin rijiya, can ƙasa yashi mai danshi. Ba a ga ƙashi ko ɗaya ba, sai ƙananan awarwaro, irin na jarirai. Liman ya yi addu'a, ruwa ya taru garau, mai sanyi.

Aka zuba wa tumaki tukuna. Suka sansana, suka ja da baya, ga haƙarƙarinsu a waje.

Mu dai muka sha, har da ni, kuma ba wanda ya yi ko ciwon ciki. A bakin rijiyar ba a hira, ko gaisuwa ƙasa-ƙasa ake yi. Iya ba ta taɓa kurɓa ba. Jikarta ke zuwa garin gaba ta ɗebo mata.

Da damina ta sauka, kowa ya fito da fartanya muka cike ramin, ba tare da wani ya yi shela ba.