Ƙarafa Biyar a Gonar Kawu

Dami ɗari shida na harawa na tara a waccan kakar, ɗari huɗu ta wake, ɗari biyu ta gyaɗa. Na saye su gona-gona daga Damri har Birnin Tudu, na jibge a rumfuna uku a gonar kawuna da ke bayan Faru, ina jiran bazara, lokacin da masu kiwon raguna a Mafara ke zuwa nemana da ƙafarsu. Ba ni da wani jari bayan wannan, sai ɗan shagon dusa da nake riƙe da shi. Tsorona ɗaya ne, wutar da masu farautar gafiya ke kunna wa daji su yi tafiyarsu.

Mijin ƙanwata, mai koyar da aikin lantarki, shi ya kawo mini wasu ƙarafa biyar. Kowanne bai fi gwangwanin madara ba, da doguwar ƙafa da ake kafawa a ƙasa. Ba batir, ba caji. Ya ce kan yana ɗaukar zafi, ƙafar tana riƙe sanyin ƙasa, daga wannan bambancin ƙarfen ke samun ɗan lantarkin da zai aiko saƙo wayata. Zafin rana ba ya tashinsa, sai wuta.

"Yaya, ka kafa su nesa, cikin ciyawa, ta gabas inda iska ke fitowa."

"In wuta ta cinye su fa?"

"Ai aikinsu ke nan."

Na ce to. Amma tun ina tallan goro a tasha ban taɓa ajiye kaya inda zai lalace ba. Da na isa gonar na ga yadda suke ƙyalli, sai hannuna ya ƙi. Na kafa su a gindin rumfuna, cikin filin da muka share tas, inda ko tartsatsi ba zai same su ba.

Kawu yana tsaye da fartanya a kafaɗa yana kallona.

"Kai wanga yaro, mai gadi ka ɗauko ko amarya? Saura ka shimfiɗa musu tabarma."

"Kawu, kuɗi na sa."

"Ba ni guda, ka riƙe huɗunka."

Ya ɗauki ɗaya ya nausa gabas har na daina hango hularsa. Can gindin wata tsamiya ya kafa shi, cikin ciyawar da ta kai ƙirji. Na ƙirga shi cikin hasara tun ranar.

Makonni suka wuce shiru. Da rana tsaka, in kasuwa ta lafa, nakan jingina da buhunan dusa a shago, idona biyu amma hankalina na can. Ban cika tuna huɗun nan ba. Na tsamiyar nake gani, shi kaɗai, ciyawa na kwanciya tana tashi a kansa, ƙadangare ya hau ya sha rana ya sauka, shanu sun ratsa da yamma ba su kula shi ba. Sai in ji kamar ƙafata ce a cikin ƙasar, sanyin yana hawowa a hankali har gwiwa. Barci yake yi ko saurare? Wani lokaci sai mai saye ya yi sallama sau biyu kafin in amsa.

Wata Laraba bayan azahar wayata ta yi ƙara sau ɗaya. Na tsamiya ne. Na kira kawu, ya ce bai ga komai ba, sannan ya ce tsaya, ga hayaƙi can. Kafin in iso a babur ya tara mutanen unguwa da fartanyoyi da ɗanyun rassa, sun faɗaɗa sharar sun tare rumfuna biyu. Ta uku, ta gyaɗa, iska ta jefa mata wuta ta sama. Ina tsaye ina kallon ta tana ci, sai ga sauran huɗun sun fara aiko saƙo aljihuna, suna gaya mini abin da ke gaban idona.

Washegari na je tsamiyar. Ƙarfen ya yi baƙi, kan ya narke ya karkace, ƙafar na nan a kafe.

Dami ɗari huɗu sun tsira, ɗari biyu sun zama toka. Ƙarfe ɗaya ya ƙone, huɗu suna nan lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Da na bar wa kawu biyar ɗin, wataƙila da ɗari shida na kai bazara.