Hayaƙin da Ya Bi ta Sama

Na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani a ofis da safen nan. Watana biyu ke nan da fara koyon aiki a sashen da ke sa ido kan iskar da Doha ke shaƙa. Wani dutse ya yi aman wuta a hayin Bahar Maliya, hoton tauraron ɗan'adam kuma ya nuno hayaƙinsa mai farar wuta, ja kamar lalle a tafin hannu, yana miƙowa gabas. Na daɗe ina kallon kyansa kafin na tuna da ƙirjin Yaya.

Yayana gadi yake yi a unguwar Mesaimeer, a tsaye yake yini bakin ƙofa, ga asma tun ƙuruciya. Na kira shi yana shirin fita daga ɗakinsu da ke unguwar Mansura.

"Yaya, kada ka je aiki yau. Guba ce ke tahowa a iska."

"'Yar boko, yanzu kuma sama kike duba mana? Oga ba ya jin wannan yaren."

"Da idona na gani. Don Allah, Yaya."

Ina jin shessheƙar numfashinsa a waya.

"To, khalas, na fasa zuwa. Tunda ke kika faɗa."

Bayan azahar shugabar sashenmu ta buɗe mini lissafin kwamfuta mai hasashen tafiyar iska. Ta ce tauraro daga bisa yake leƙowa, yana tattara duk abin da ke tsakaninsa da ƙasa ya zuba a launi ɗaya. Hayaƙin yana can inda jirage ke bi, ya ma karkata kudu, ko ɗigonsa ba zai sauko mana ba. Tana murmushi ta faɗa, wai kowane sabo yakan yi wannan kuskure. Ban gaya mata cewa nawa kuskuren ya riga ya fita daga ofis ba.

A makon aka sallami Yaya. Kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya soke bizarsa, bai ƙara wata ba ya koma Zariya. A filin jirgi ya ce mini dama ya gaji da tsayuwa, in riƙe karatuna da kyau. Na ji haushin wannan sauƙin nasa fiye da a ce zagina ya yi.

Sai da aka daɗe matarsa ta gaya mini cewa kafin ranar an ba shi takardar gargaɗi har biyu saboda kwanakin da asma ta kwantar da shi, an ce ta uku ita ce ta tafiya. Takardun suna cikin aljihun rigar aikinsa lokacin da na kira.