Hular Malam Sada

Duk wanda ya zauna a unguwar Hindawiyya ta Makka ya san Mukhtaru mai tasi, ko da bai taɓa shiga motarsa ba, domin hon ɗinsa kan riga shi isa ko'ina. A unguwar Tandabawi aka haife shi, a wani gida da yanzu ko tubalinsa ba za ka samu ba. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa zai yi aikin Hajji, ya tsaya ya yi noma a Sudan, ya yi dako a Jidda, da ya iso Makka kuma sai ya rasa dalilin komawa. Uban Mukhtaru tela ne. Uwarsa, Hajiya Maryama, tuwo take dafa wa alhazai idan lokacin Hajji ya zo, sauran shekara kuma ta ciyar da rabin lungunsu. Shi kuwa tun yana saurayi ya kama sitiyari, ya yi ta sintiri tsakanin Makka da Jidda har furfura ta cika masa gemu. Hausarsa ta cikin gida ce, rabinta Larabcin Hijaz. Idan ya fusata Larabci yake yi, idan yunwa ta kama shi sai ya dawo Hausa.

Mutum ne mai gaggawa, kuma bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin aibi ba. A tsaye yake shan shayi, yana gaisuwa ƙafarsa ɗaya na cikin mota. Da gwiwa ta fara damunsa, 'ya'yansa suka taru suka sa shi ya ajiye aikin haya, amma motar kam ya ce ko a mafarki ba za a sayar ba. Zaman gida bai karɓe shi ba. Ya gyara famfon da ba abin da ya same shi, ya shiga koya wa matarsa Amatullahi yadda ake jera kwanuka bayan shekara talatin da wani abu tana jera su. Ita ce ta gaji ta ce masa markaz na neman mai mota, ya je ya dame su can.

Markaz ɗin shi ne cibiyar taimakon unguwa, wani gida mai hawa biyu a bayan masallaci. Bayan la'asar yara kan cika ƙasan ana yi musu bitar karatun makaranta, mata na sama suna koyon ɗinki. Ranar Talata wata ma'aikaciyar jinya kan zo ta auna wa tsofaffi jini da suga. Da azumi a raba kayan abinci gida-gida, da Sallah a yi wa marayu walima. Abin da ya shafi Mukhtaru shi ne abincin rana na tsofaffin da ba su da mai dafa musu. Mata 'yan sa-kai ke dafawa, shi kuma ya kai. Mai kula da wannan sashe wata matashiya ce, Rawan, jikar wani abokin babansa, mai tsari da haƙuri, wadda Hausarta ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. Ammi Mukhtar take ce masa, wato baffa.

A cikin robobin nan da ake ci a yar ake zuba abincin tun da aka fara. Mukhtaru bai yi wata guda ba ya tayar da magana. Ya ce miya na zuba masa a kujera, tuwo na hucewa kafin ya isa, lunguna sun cika da shara. Ya kuma kawo hujjar da ta fi kowace shiga ransa: ya ce roba ta sabil ce, irin abincin da ake miƙa wa alhazai a bakin titi ba a san sunansu ba, bai kamata a miƙa wa iyayen unguwa ita ba. A sayo kuloli na ƙarfe, ya kai yau, gobe ya karɓo ta jiya ya ba da wata. Rawan ta ga maganar da hankali. Wani ɗan kasuwa a unguwar Misfala ya ba da kulolin kyauta, Mukhtaru ya yi kwanaki yana ba duk wanda ya tsaya labarin cewa dabararsa ce.

Washegarin fara rabon da kuloli, da ya karɓo su ya ji wata na ƙara. Ya buɗe ya ga dabino. Wata da alewa, wata da goro biyu a naɗe cikin tsumma mai ɗanshi. Duk an wanke su tas, amma babu wadda ta dawo wayam. Mukhtaru ya yi dariya ya ce tsofaffin nan akwai karamci, ya jefa dabinon a baki. Daga nan abin ya zama kullum. Alewar ya kai wa yaran bita, goron da dabinon kuwa ba su taɓa ganin ƙofar markaz ba.

Cikin waɗanda yake kai wa akwai Inna Adama, a wani ɗaki ɗaya can ƙarshen lungun da mota ba ta shiga. Daga Damagaram ta zo tana amarya tare da mijinta Malam Sada, wanda ya yi suna wajen wankin hula a Misfala. Ɗa ɗaya Allah ya ba su, bai kai shekarun shiga makaranta ba ya koma. Bayan rasuwar Malam ta riƙa sayar da gyaɗa a ƙofar makarantar 'yan mata har ƙafafunta suka ƙi. Ƙawar Hajiya Maryama ce, ta san Mukhtaru tun yana goye. Shi dai yakan tsaya a bakin lungu ya danna hon, ya taka da sauri ya ajiye kula a bakin ƙofa, ya ɗauki ta jiya, ya ce Inna ina wuni, kafin ta gama amsawa ya kai mota.

Kular Inna da fari gyaɗa mai gishiri take dawowa da ita, irin wadda ya sani tun yana yaro. Bayan wani lokaci ta koma dabino, sai ɗan ƙullin turaren wuta, sai sabulu da aka yanka rabi. Wata rana ya buɗe ya ga hula, tsohuwar zanna mai aikin hannu, a wanke a goge. Ya ɗan tsaya yana juya ta, ya ce tsufa ke nan, ya jefa ta a akwatin gaban mota. Shi ɗan farar tagiya ne da rawanin Larabawa, bai taɓa sa hular Hausa ba. Bayan hular sai ga carbi baƙi, ƙwayoyinsa sun yi sulɓi don ja. Shi ma ya bi hular.

Daga ranar carbin Inna ta daina buɗe masa ƙofa. Ya buga, ta amsa daga ciki cewa ta ƙoshi, ya kai wa mai buƙata. Washegari ma haka. Ya ajiye kular a bakin ƙofa, ya dawo ya same ta yadda ya bar ta, tuwon ya yi tsami. Rawan ta kira shi gefe ta gaya masa, ba da faɗa ba, cewa akwai tsofaffin da ke jiran a samu gurbi, idan Inna ta ci gaba da mayarwa har ƙarshen mako dole a ba wani rabonta. Ta kuma gaya masa abin da ya fi wannan nauyi. Ma'aikaciyar jinya ta leƙa Inna ranar Talata ta same ta a rame, kuma mai shan maganin suga ba ya zama da yunwa. Ban da wannan kula, Inna ba ta da wani abinci mai ɗumi da ke shiga ɗakinta.

Mukhtaru ya koma gida yana mita, wai tsohuwa ta ɗora wa kanta rigima. Ran nan ne ya ɗauki Amatullahi zai kai ta asibitin haƙori, ta buɗe akwatin gaban mota tana neman tsumman goge tabarau, hula da carbi suka faɗo mata a cinya. Ta tambayi na wane ne. Ya ba ta labari yana tuƙi, tun daga gyaɗa har zuwa carbi, yana jira ta taya shi mamaki. Ta mayar da hular da carbin cikin akwatin.

"Kai da ka tashi a hannun Hajiya Maryama," in ji ta, "ka taɓa ganin ta mayar da kwanon maƙwabta ba komai a ciki? Da a roba kuke kai wa Inna, ta ci ta yar, ta yi wa wanda ba ta sani ba addu'a. Yanzu ɗan ƙawarta ne ke kawo kwano, yana cewa gobe zai zo karɓa. Ta ba ka gyaɗa, ta ba ka sabulunta, ta ba ka hular mijinta. Me kake jira ta sa a ciki, tabarmar da take kwana a kai?"

Ya san al'adar, ai a cikinta ya girma. Sau nawa aka aike shi da kwano ya dawo da shi da ɗan wani abu a ciki, ko da albasa biyu ce. Kawai dai bai taɓa kawo wa ransa cewa kular markaz ma kwano ba ce. Sauran tsofaffin suna da 'ya'ya ko jikoki masu leƙo su da dabino, ba su rasa abin sakawa ba. Inna kuwa kayan ɗakinta take kwashewa ɗaya bayan ɗaya, shi yana taunar gyaɗa. Kunya ta kama shi irin wadda bai ji ba tun yana yaro, har ya manta da hon a hanyar komawa.

Da yake mai gaggawa ne, maganin gaggawa ya nemo. Washegari ya sa aka zuba na Inna a roba kamar da, ya je ya buga ƙofa, ya ce yau ba kula, ba sai an mayar da komai ba. Ta buɗe ƙofar kaɗan, ta dubi robar, ta dube shi.

"Jiya ina maƙwabciya, yau na koma mai jiran sabil?" ta ce. "Kai wa alhazai, suna bakin titi."

Ta mayar da ƙofa ta rufe. Hujjarsa ce ta kansa ta dawo masa. Ya koma mota ya zauna da robar a cinya. Ya yi tunanin mayar mata da hula da carbin, ya san ba za ta karɓa ba, abin da ta bayar ta bayar. Ya buɗe akwatin ya ɗauko su yana kallo. Ya tuna ranar da aka raba kayan babansa, aka ba shi keken ɗinki da bai iya ba, aka ba yayansa hula da carbi saboda shi ne babba. A nan ne abin ya faɗo masa.

Ranar Alhamis, ana gobe mako zai ƙare, ya bar gidan Inna ya zama na ƙarshe a rabo. Ya ajiye mota nesa, bai danna hon ba. Ya cire rawani da tagiya ya ɗora hular Malam Sada. Kan Malam ƙarami ne, na Mukhtaru kuwa Allah ya yi masa albarka, hular ta zauna a can ƙololuwa kamar murfin buta. Haka ya ratsa lungun, kula a hannu ɗaya, carbi a ɗayan, mata na leƙowa ta taga suna danne dariya. Ya yi sallama ya tsaya. Inna ta ce ta ƙoshi. Ya ce ba abinci ya kawo shi ba, tambaya ce, ta buɗe ta ga wani abu.

Ta buɗe. Ta daɗe tana kallon hular.

"Inna," ya ce, "a garinku da garin kakana, idan mutum ya rasu, wa ake ba hularsa da carbinsa?"

"Ɗansa."

"To ni ban roƙa ba, ke kika ba ni. Kuma ban taɓa jin uwa ta sa wa ɗanta tukuici don ya kawo mata tuwo ba."

Inna ta jingina da ƙofar. Idanunta suka kawo ruwa, ta share da gefen mayafi, ta ce hayaƙin maƙwabta ne ke damunta. Ta gane wayonsa sarai, kuma ba ta yi niyyar barinsa ya sha da arha ba.

"Ɗa ba ya danna wa uwarsa hon," in ji ta. "Ba ya ajiye kwano a ƙofa ya gudu. Yakan shigo ya zauna har ta gama ci. Kullum, ba yau kaɗai ba. In za ka iya, shigo. In ba za ka iya ba, cire hular nan ka tafi da ita, na yafe."

Mukhtaru ya san abin da ake nema a wurinsa, kuma ya san kansa. Mutumin da bai taɓa zama ya shanye shayi ba ne ake cewa ya zauna kallon tsohuwa mai haƙori huɗu tana cin tuwo, yau da gobe da jibi, har ranar da Allah ya raba. Ya tuɓe takalmi ya shiga, ya bar ƙofar a buɗe. Ɗakin ba komai sai katifa da tabarma da fanka da ƙusa a bango inda hular take ratayawa a da. Ya durƙusa da ƙyar saboda gwiwa, ya buɗe mata kular. Tuwon shinkafa ne da miyar kuɓewa.

A hankali ta ci, tana ci tana ba shi labarin yadda uwarsa ta taɓa ƙona tukunyar alhazan Sakkwato, labarin da ya sani, bai katse ta ba. Ƙafarsa ta yi ta rawa don ƙaguwa, ya danne ta da hannu. Aka kira la'asar yana nan zaune. Da ta gama ta suɗe yatsu, ta tura masa kular ba ta ko ɗauraye ba.

"Ɗauki, ka je ka wanke."

Ya leƙa ciki. Ba gyaɗa, ba dabino, sai ragowar miya a gefe. Tunda ya fara rabon nan bai karɓi kular da ta faranta masa rai kamar wannan ba, kuma bai ɓoye ba. Ya miƙe, ya sa takalmi, ya ce sai gobe Inna. Har ya kai bakin ƙofa ta kira shi. Ta ce ya gaya wa masu girkin gishiri ya yi yawa, kuma ya ɗan karkata hular zuwa dama, Malam ba haka yake sa ta ba.