Binnen Haruna

Haruna taubashina ne, ɗan ƙanen uwata, don haka kar ku zaci zan raga mishi. Kirista ne, ni Musulma, kuma tun muna yara a Filinge ban taɓa barin shi ya sha ruwa da daɗi ba. Amma abin da na gani a gonarsa shekarar da aikinsa ya ƙare, ko maƙiyinsa ya gani sai ya faɗa.

Direba ne. Ya daɗe shina tuƙa motar wata ƙungiya mai gina rijiyoyi, har ya yi tumbi. Da hanya ta lalace da rashin tsaro, ƙungiyar ta naɗe tabarmarta ta koma Yamai, ta bar Haruna da mata da yara. Babur ɗinsa ya tafi kasuwar Baleyara anka saida shi, tumakin Latifa matarsa sunka bi bayansa. Kafin bazara ta yi nisa, gidan da anka saba jin ƙamshin miya sai kunu, shi ma tsararo.

Abu guda ya rage musu, irin gero cikin tulu, an gauraya da toka an liƙe bakin da laka. Shi ne kaɗai abin da zai kai su ga baɗi. Latifa kuwa ta fara kallon tulun nan irin kallon da kura ke yi wa akuya, kuma ban ga laifinta ba, uwa ce.

Wata safiya na iske Haruna ya fasa bakin tulun, ya saɓa sungumi.

Na ce, "Kai, direba, ina za ka? Ko gajimare babu!"

Ya ce, "Binne zan yi, Habsa."

Binne shi ne ka shuka cikin busasshen rairayi, iri ya kwanta ya jira ruwa. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, ka riga kowa. In yayyafi ne ya tsirar da shi sannan ya ɗauke, ka yi asara, sai ka sake shuka. Mai rumbu ke wannan caca, ba mai tulu guda ba. Na faɗa mishi haka, har da ƙari.

Ya ce, "In ya ƙara mako cikin ɗaki, cikinmu zai cinye shi, kuma ba zan iya hana yara ba. Gara in kai wa Ubangiji ajiya. Yesu ya ce mu dubi tsuntsaye, ba su da rumbu, amma Uba na ciyar da su."

Na ce, "Tsuntsayen nan su za su tone irin naka, ai ka ga an ciyar da su!"

Ya yi dariya ya wuce. Na bi shi don in ga ƙarshen wauta, kuma na gani. Hannun da ya saba da sitiyari bai san awon iri ba. Daga kwari ya fara, shina zuba wa kowane rami kamar mai ba kaji tsaba. Sai da na yi mishi tsawa ya rage hannu, lokacin ya riga ya hau tudu.

Abin da muke tsoro shi ya faru. Yayyafi ya zo, gero ya tsiro kore shar, sannan sama ta bushe ƙayau. Muna ji muna gani tudun nan duka ya ƙone. Kwarin kaɗai ya riƙe, shi ma ya yi laushi. Latifa ta zamna bakin gona ta yi kuka, ni ma na taya ta, ina zagin Haruna cikin zuciyata.

Shi ko ran Lahadi ya sa rigarsa ta kirki ya tafi majami'a. Latifa ta ce mini ya tashi gaban jama'a ya yi godiya don kwarin. Na ce wanga mutum ko dai bangaskiya ta yi mishi yawa, ko yunwa ta taɓa mishi kai. Daga baya ya gaya mini sa'ad da yake maganar bai ma san abin da zai ba yara gobe ba.

Da ruwan gaske ya sauka, kwarin ya tashi cunkus, kowane rami kamar tsintsiya. Dole a cire, a bar uku ko huɗu. Abin da anka cire yawanci zubarwa ake yi. Wata tsohuwa 'yar majami'arsu, Inna Muna, ta ɗauki cirar ta duba saiwar, ta ce, "Wa zai zubar da wanga? Ƙasa na da laima, a dasa!"

Matan majami'a sunka zo, na kwaso na gidanmu, har mijina Mansur da ba ya son duƙawa. Munka bi tudun nan rami rami muna dashe, laka har gwiwa. Wani ya kama, wani ya mutu. Ba zan yi muku ƙarya in ce rumbu ya cika ba, amma an samu na ci har rani ya raba, an kuma ware iri.

Ranar da gero ya fara nuna, Latifa ta gasa tumu, ta aika a kira ni. Ta miƙa wa mijinta na farko. Haruna ya riƙe shi da hannu biyu ya rufe ido ya fara addu'a, ya gode don ruwa, ya gode don Inna Muna, ya gode har don bakina. Na ce, "Gajarta, malam, tumu na hucewa!"

Bai ji ni ba. Hawaye na sauka kan tumun, yara sun zuba mishi ido suna jira. Da ya kasa ƙarasawa, ni na ce amin, da ƙarfi.